Renon Yaro Cikin Ƙaunar Karatu: Darasi Domin Iyalin Kirista

Karatun darasi: Maimaitawar Shari'a 6:4-9 da 2 Timoti 3:14-17. Ayar haddacewa: Karin Magana 22:6.

Manufar darasi: A nuna wa iyaye cewa ƙaunar karatu a gida take tsirowa tun yaro yana goye, a kuma nuna hanyoyin da kowane iyali zai iya bi, ko mai hali ne ko marar hali.

Gabatarwa

Ƙasar Neja ta ba duniya marubuta na ji da gani. A Minna aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, a nan kuma aka haifi Ben Okri a 1959, wanda ya ci kyautar Booker ta Ingila a 1991. A Kagara aka haifi Alhaji Abubakar Imam a 1911, mawallafin Magana Jari Ce, wanda ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Marigayi Abubakar Gimba, ɗan ƙasar Lapai da ya rasu a 2015, ya taɓa shugabantar ƙungiyar marubuta ta Nijeriya. A cikin birnin Minna kuma marubuci B.M. Dzukogi ya kafa cibiyar Hill-Top, wadda ta horar da 'yan makaranta da yawa a kan rubutun waƙa da labari.

Duk da wannan gādo, akwai abin damuwa. A 2022 Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane ma'anarsa. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta kowace safiya, ana biya musu kuɗi, ana ɗinka musu kayan makaranta. Ga iyalin Kirista asarar ninki biyu ce. Yaron da bai iya karatu ba zai sha wuya a makaranta da wurin neman abinci, ba zai kuma iya buɗe Maganar Allah da kansa ba. Duk abin da wani ya faɗa masa da sunan Littafi Mai Tsarki, shi zai karɓa, ko gaskiya ne ko ƙarya.

1. Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Allah ya ga dama ya bar wa mutanensa maganarsa a rubuce. Saboda haka tun daga zamanin Musa an ɗora wa iyaye nauyin kai wannan magana ga 'ya'yansu. A Maimaitawar Shari'a sura 6, Musa ya ambaci lokuta huɗu na koyarwa: lokacin zama a gida, lokacin tafiya a hanya, lokacin kwanciya, da lokacin tashi daga barci. Babu ɗaya daga cikin huɗun nan da yake bukatar aji ko allo. Dukansu lokuta ne na zaman yau da kullum. Ya kuma umarta a rubuta dokokin a madogaran ƙofa, wato yaron Isra'ila ya tashi yana ganin rubutu a gidansu kafin ya san abin da rubutun yake faɗa.

A sura 31 ta wannan littafi an umarta a karanta Shari'a a gaban taron jama'a kowace shekara bakwai, a lokacin Idin Bukkoki, an kuma ambaci yara a cikin waɗanda za su saurara. Joshuwa ya yi haka bayan an shiga ƙasar alkawari, ya karanta dukan Shari'a a kunnen maza da mata da ƙananan yara. Ba a kore su waje domin za su yi surutu ba. A zamanin sarki Yosiya kuwa an ga abin da yake faruwa idan al'umma ta bar karatu: Littafin Shari'a ya ɓace a cikin Haikalin kansa, sai da babban firist Hilkiya ya tsinto shi, Shafan magatakarda ya karanta wa sarki, sa'an nan gyara ya zo ƙasar. Littafi yana iya ɓacewa a cikin gidan Kirista ta wannan hanya, yana kan tebur an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado, ba mai buɗe shi daga Lahadi zuwa Lahadi.

Misali mafi kusa da darasin nan shi ne na Timoti. Mahaifinsa Bahelene ne, amma kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki mata ne masu bangaskiya. Manzo Bulus ya tuna masa cewa ya san Littattafai masu tsarki tun yana ƙarami ƙwarai. Kalmar Helenanci da Bulus ya yi amfani da ita a 2 Timoti 3:15 ita ce wadda Luka ya kira jariri Yesu da ita sa'ad da yake kwance a komin dabbobi. Ke nan matan nan biyu ba su jira Timoti ya kai shekarun makaranta ba. Bulus kansa, yana tsoho a kurkuku, yana jiran mutuwa, ya roƙi Timoti ya kawo masa alkyabbarsa da littattafansa, musamman na fata. Ubangiji Yesu ma ya miƙe a majami'ar Nazarat, aka ba shi littafin annabi Ishaya, ya nemo wurin da yake so, ya karanta. Ɗan masassaƙi ne, amma an koya masa karatu.

2. Gādon da masu bi suka tarar

A duk inda bishara ta shiga, littafin koyon karatu yakan biyo ta. Samuel Ajayi Crowther yaro ne da aka kama bauta, aka 'yanto shi a 1822, aka kai shi Saliyo, inda ya koyi karatu. Bayan jirgin ruwansu ya fashe kusa da Jebba a 1857, ya zauna na wani lokaci a ƙasar Nupe, ya san garin Raba da ke bakin Kwara. A 1860 ya buga littafin koyon karatun Nufanci, a 1864 kuma ya buga nahawu da jerin kalmomin harshen. Daga baya, bayan jirgin ƙasa ya mai da Minna mahaɗar hanyoyi, mishan na SIM sun yi makarantar koyon Hausa a garin, inda sababbin ma'aikatansu suke zama su koyi harshen kafin a tura su aiki.

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka yi. Ƙungiyar da ta buga shi an kafa ta a Ingila a 1804, labarin kafuwarta kuma ya shafi wata yarinya. A 1800 Mary Jones, 'yar talakawa a yankin Wales, bayan ta yi shekara shida tana tara kuɗi, ta taka wajen kilomita 40 zuwa garin Bala domin ta sayi Littafi Mai Tsarki cikin harshenta. Makarantar Lahadi ma haka ta fara: a 1780 Robert Raikes ya tara yaran da suke aiki a masana'antun Gloucester kwana shida a mako, ana koya musu karatu ranar Lahadi.

A Arewacin Nijeriya tsofaffi da yawa sun koyi baƙi da wasali a ajin shirin baftisma ko a ajin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, da littattafai irin su Ka Koyi Karatu. Sun koya da fitilar aci-bal-bal bayan sun dawo daga gona. Abin kunya ne jikokinsu, waɗanda suke zaune a gari mai Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983, su tashi ba sa son littafi.

3. Yadda ƙaunar karatu take tsirowa

Karatu da kunne yake farawa kafin ido. Yaron da ya ji kalmomi da yawa, ya saba da yadda labari yake farawa ya ƙare, idan ya haɗu da su a takarda zai gane su kamar tsofaffin abokai. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa a fara karanta wa yaro littafi tun daga haihuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga haihuwa zuwa shekara biyu, aikin uwa da uba shi ne magana da waƙa. Uwa tana yi wa jariri wanka tana kiran sunayen gaɓoɓinsa, tana girki yana goye tana faɗa masa abin da take yi, tana rera masa waƙoƙin sujada da na reno. Idan ya fara zama, a ɗora shi a cinya a nuna masa littafi mai hotuna. Zai kai shi baki, zai yage shafi. Wannan ba laifi ba ne, kada a tsawata masa har ya ji tsoron taɓa takarda. Abin da yake koya a wannan lokaci shi ne littafi da ɗumin jikin uwa tare suke zuwa.

Daga shekara biyu zuwa huɗu lokacin tambaya ne da maimaici. Yaro zai ce a sake ba shi labarin Nuhu da jirgi ko na Dawuda da Goliyat sau ashirin. A sake masa, gama ta maimaici yake riƙe kalmomi. Mai karantawa ya riƙa tsayawa yana tambaya: "Wa ke nan? Me yake riƙe da shi? Me kake tsammani zai faru?" Idan yaro ya ce, "Baba, don me zakin bai cinye Daniyel ba?" to, darasi ya kama ke nan, uba ya ajiye gaggawa ya amsa. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da kacici-kacici, da labaran da kaka take bayarwa da Gwari ko Nufanci, duk abinci ne ga wannan shekara.

Daga shekara huɗu zuwa shida yaro yakan fara lura cewa rubutu yana magana. Garin Minna kuwa cike yake da rubutu kyauta. Akwai allunan shaguna daga Tunga zuwa shataletalen Mobil, akwai rubutun bayan keke mai ƙafa uku, akwai sunayen da ke jikin gwangwanin madara da kwalin shayi a Kasuwar Kure. Uwa mai zuwa cefane tana iya cewa, "Nemo mini harafin da sunanki ya fara da shi." A gida a rubuta sunan yaro a ƙasa da tsinke, ko a bango da gawayi, ya bi da yatsa. Rubutun Hausa yana da sauƙi ga mai koyo domin yawanci yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta. Yaron da ya kama haɗa baƙi da wasali, ya kuma bambanta ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k, ba da daɗewa ba zai karanta jimla. Wannan gwanintar haɗa sauti da harafi tana bin sa zuwa Turanci, ba sai ya sake koyonta daga tushe ba.

Daga shekara shida zuwa sama, kada a daina karanta masa domin ya fara iyawa. Kunnensa yana gaba da idonsa, yana iya fahimtar labarin da bai kai ga karanta shi da kansa ba. A sujadar iyali a ba shi aya ɗaya gajeriya ya karanta, a jira shi ya gama ko da yana in-ina, a yaba masa. Minti goma ko goma sha biyar kowane dare ya fi awa uku sau ɗaya a wata. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

4. Abubuwan da suke hanawa

Na farko, rashin kuɗi. Gaskiya ne littattafan yara suna da tsada, abinci da kuɗin haya kuma suna gaba. Amma ana iya yin littafi a gida: a yanka kwali, a manna hotunan tsohuwar kalanda, a rubuta kalma ɗaya a ƙarƙashin kowane hoto, a ɗinke da zare da allura. Iyalai uku ko huɗu da suke gida ɗaya a Kpakungu ko Maitumbi suna iya musayar 'yan littattafan da suke da su. Littafin Waƙoƙi da yake kusan kowane gidan mai bi shi ma littafin koyon karatu ne, domin yaro ya riga ya san waƙar da ka, sai ya bi kalmomin da yatsa.

Na biyu, gajiya da rashin lokaci. Ma'aikacin gwamnati, da 'yar kasuwa, da mai tuƙa babur, duk sukan dawo gida a gajiye, wani lokaci kuma a tarar an ɗauke wuta. Ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana ta isa a karanta shafi biyu. Daren da ba fitila kuwa, daren tatsuniya ne. Abin lura shi ne kada a bar wa uwa wannan aiki ita kaɗai. Ɗa namiji da bai taɓa ganin ubansa riƙe da littafi ba zai ɗauka karatu aikin mata da yara ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na uku, wayar hannu da talabijin. Ya zama al'ada a miƙa wa yaro waya domin ya yi shiru. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban waya ko talabijin, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, ta kuma ƙarfafa karatu da ba da labari tare da mai reno. Dalilin a fili yake: waya tana magana, amma ba ta jiran yaro ya amsa, ba ta kuwa amsa tambayarsa. Iyaye su fara da kansu, su ajiye tasu wayar a lokacin cin abinci da lokacin sujada.

Na huɗu, bulala da gori. Yaron da ake duka duk lokacin da ya yi kuskure a harafi zai haɗa littafi da zafi a zuciyarsa. Afisawa 6:4 ta gargaɗi iyaye maza a kan tsokanar 'ya'yansu har su yi fushi. Kowane yaro da saurinsa, gwada shi da yayansa ko ɗan maƙwabta ba ya ƙara masa kome sai baƙin ciki. Idan yaro yana matso da littafi kusa da ido, ko ba ya juyowa idan an kira shi, ko ya daɗe yana rikita haruffa bayan tsaransa sun wuce, a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa, a kuma yi shawara da malaminsa, maimakon a kira shi daƙiƙi.

Na biyar, raina harshen gida. Waɗansu iyaye sukan hana 'ya'yansu Gwari, ko Nufanci, ko Hausa, suna tsammani haka zai gyara musu Turanci. Sau da yawa abin da yake biyo baya shi ne yaro ya tashi da guntun Turanci, ba ya kuma iya hira da kakarsa. Ƙaramin yaro yana iya ɗaukar harshe biyu ko uku ba tare da cutuwa ba. Harshen da uwa ta fi iya ba da labari da shi, da shi za ta yi.

Na shida, tunanin cewa wanda bai yi makaranta ba ba shi da abin bayarwa. Kakar da ba ta san harafi ko ɗaya ba tana iya cewa jikanta, "Zo ka karanta mini Zabura, idona ba ya gani." Yaron da ya ga karatunsa ya amfani babba ba zai manta da wannan daraja ba. Haka kuma a kula kada aikin gida da talla su cinye lokacin 'ya mace, alhali ɗan'uwanta yana zaune da littafi. Afiniki ta gobe ita ce yarinyar da ke wanke-wanke yau.

5. Hakkin ikkilisiya

Shekarun baya sun nuna cewa ƙofar makaranta tana iya rufuwa ba zato. A 2020 annobar korona ta zaunar da yara a gida wata da watanni. A Fabrairun 2021 'yan bindiga sun sace ɗalibai a makarantar kimiyya ta Kagara, garin da aka haifi Abubakar Imam, a Nuwamban 2025 kuma aka sace yara da malamai a makarantar Katolika ta Papiri, abin da ya sa aka rufe makarantu a jihar na wani lokaci. A irin waɗannan kwanaki, yaron da yake da littafi a gida da mai karanta masa yakan ci gaba, wanda ba shi da su kuwa yakan manta har abin da ya riga ya koya. Akwai kuma iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Shiroro da Munya da Rafi, waɗanda 'ya'yansu suka rasa shekarun karatu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace ikkilisiya tana iya ajiye akwati ɗaya na littattafan yara, a sa amintaccen mutum ya riƙa ba da aro ranar Lahadi yana rubuta sunaye. Zumuntar Mata tana iya haɗa ƙaramin littafi mai hotuna a cikin kayan barka, tare da sabulu da zane. Matasan da suke jami'a ko kwalejin horon malamai suna iya ba da awa ɗaya ranar Asabar su zauna da yaran unguwa, har da 'ya'yan maƙwabta waɗanda ba na ikkilisiya ba, idan iyayensu sun yarda. Malaman Makarantar Lahadi su lura da yaron da kullum yake sunkuyar da kai idan an zo karatun aya, su taimake shi a keɓe ba tare da kunyata shi ba. Iyaye kuma su riƙa duba littafi kafin su miƙa wa yaro, gama ba kowane abin da aka buga yake da amfani ba. Mutumin Habasha da Filibus ya tarar a hanyar Gaza yana da littafi a hannu, ya kuma iya karatu, duk da haka ya bukaci wanda zai hau karusa ya zauna kusa da shi ya bayyana masa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A cikin lokuta huɗu da Musa ya ambata, wanne ne ya fi sauƙi ga iyali mai aiki a birni, wanne ne kuma aka fi sakaci da shi?
2. Me Loyis da Afiniki suke koya wa macen da mijinta ba ya taimaka mata wajen tarbiyyar ruhaniya?
3. Ta yaya uba zai nuna wa ɗansa cewa karatu aikin maza ne kuma?
4. Wane mataki ɗaya ikkilisiya za ta iya ɗauka cikin wata uku masu zuwa domin yaran da ba su da littafi a gida?

Kammalawa

Hausawa sun ce karatu farkonsa maɗaci, ƙarshensa zuma. Aikin iyaye shi ne su ɗanɗana wa yaro zumar tun da wuri, domin ya iya jure ɗacin idan ya zo. Ba a bukatar digiri ko ɗakin littattafai kafin a fara. Ana bukatar babba ɗaya mai haƙuri, da littafi ɗaya ko labari ɗaya, da 'yan mintoci kowace rana. Iyalin da bai taɓa yi ba yana iya farawa a daren yau, bayan tuwo, kafin addu'ar kwanciya.

Addu'a: Allah Uba, wanda ya ba da maganarsa a rubuce, ya ba iyaye haƙuri da hikima, ya tsare yara a gida da makaranta, ya buɗe idanunsu su karanta, ya buɗe zukatansu su gane, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.